Gyaran Lanƙwasar Gilashin Kyamara: Halas ne ko Maguɗi a Gasar Hotuna?

A watan Maris na 2010 masu shirya gasar World Press Photo da ke Amsterdam suka janye kyautar da suka riga suka ba Stepan Rudik, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Yukren. Ya zo na uku a wani rukuni na wasanni da jerin hotunan 'yan damben titi a birnin Kiev. Abin da ya ja masa ƙafa ɗaya ce. A hoton da ake naɗe wa wani ɗan dambe hannu, ƙafar wani mutum da ke tsaye can baya ta leƙo kusa da hannun, shi kuwa ya goge ta da kwamfuta. A gasar National Geographic ta 2012 haka ta faru da Harry Fisch ɗan Sifaniya, wanda ya goge wata leda daga gefen hoton da ya ɗauka a bakin kogin Ganges a Indiya. An faɗa masa cewa da datse gefen hoton ya yi ledar ta tafi, da babu mai cewa uffan. A farkon 2014 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoton yaƙin Siriya.

Ƙafa, leda, kyamara: duk ƙananan abubuwa ne, babu wanda ya kai kashi ɗaya cikin goma na fuskar hoton. To ga abin da ke damun masu hoto da yawa. A cikin manhajojin gyaran hoto irin su Lightroom akwai wani ɗan akwati da ake dannawa sau ɗaya, nan take hoton ya motsa gaba ɗayansa. Bangon da ya yi ciki ya miƙe, kusurwoyi su buɗe, kusan kowane ɗigo daga cikin miliyoyin ɗige-ɗigen da suka haɗu suka zama hoton ya bar inda yake ya koma wani wuri. Wannan shi ne gyaran lanƙwasar gilashin kyamara. Idan goge ƙafa ɗaya ya isa a kori mutum daga gasa, ina matsayin wanda ya tayar da hoto dukkansa daga mazauninsa?

Ra'ayina shi ne wannan gyara halas ne, kuma ya kamata kowace gasa ta rubuta hakan ɓaro-ɓaro a cikin ƙa'idojinta. Amma abubuwa dabam-dabam ne ake kira da wannan suna guda, wasu daga cikinsu kuwa ba su cancanci wannan halascin ba. Kafin a rarrabe su sai an san abin da gilashin ke yi wa haske.

Aikin gilashin kyamara shi ne ya tattaro hasken da ke fitowa daga duniya mai zurfi da faɗi ya shimfiɗa shi a kan wani ɗan faranti miƙaƙƙe, ko fim ko sensa. Gilashin da ya cika sharaɗi zai nuna kowane miƙaƙƙen layi a miƙe. Amma a zahiri yawancin gilasai ba sa girmama abin da ke tsakiya da abin da ke gefe daidai wa daida. Idan girmamawar tana raguwa yayin da ake nisa daga tsakiya, sai layukan gefe su kumbura waje, ƙofa ta yi ciki, bakin teku ya gantsare. Masu sana'ar suna danganta wannan da siffar ganga, kuma an fi ganinsa a gilasai masu faɗin gani. Idan kuwa girmamawar tana ƙaruwa ne zuwa gefe, sai layukan su lotsa ciki, wanda aka fi samu a gilasai masu jawo nesa. Gilashin zum yakan haɗa biyun: kumburi a bakin faɗi, lotsawa a bakin nesa. Akwai kuma wanda ke kumbura a tsakiya ya lotsa kusa da kusurwa, wanda ya fi wuyar gyarawa da ido.

Wannan aibi tsoho ne, sananne kuma. Tun tsakiyar ƙarni na 19 masanin lissafin nan na Jamus, Ludwig von Seidel, ya lissafa shi cikin aibobi biyar na gilashi. Yana da wata siffa da ta raba shi da sauran huɗun, kuma a kanta ne hujjata ta dogara: ba ya dusashe hoto, ba ya ƙara komai, ba ya ɓoye komai. Gusar da abu kawai yake yi daga inda ya kamata ya faɗa, kuma gwargwadon gusarwar yana bin nisan abin daga tsakiyar gilashi bisa ƙa'idar da ake iya aunawa. Shi ya sa masu zana taswira daga hotunan jirgin sama suka daɗe da mayar da shi lissafi. Tsarin da Duane Brown ya wallafa a 1966, wanda ya ɗora a kan aikin Conrady na 1919, har yau da shi ake auna kyamarori.

Maƙeran gilashi sun fara yaƙi da lanƙwasa tun hoto yana jariri. A 1866 John Henry Dallmeyer a Landan da Steinheil a Munich, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da gilashin da ke da rabi biyu masu kama da juna, ƙofar haske a tsakaninsu, ta yadda lanƙwasar rabin gaba ke soke ta rabin baya. Babu wanda ya taɓa cewa hoton da aka ɗauka da irin wannan gilashi maguɗi ne don layukansa sun fito a miƙe. Abin yabo ne ma. Da kyamarori masu madubi a ciki suka yaɗu, sai ya zama dole gilashi mai faɗin gani ya nisanci fim don madubin ya sami wurin ɗagawa. Pierre Angénieux na Faransa ya warware wannan a 1950 da wani tsari da gabansa da bayansa ba su yi kama ba, kumburin ganga kuwa ya dawo tare da shi. Shekaru da dama maganinsa shi ne ƙarin gilasai a cikin bututu, wato ƙarin nauyi da ƙarin kuɗi.

Sai kwamfuta ta shigo. Kamfanin DxO na Faransa ya fito da manhaja a 2004 wadda ke gyara lanƙwasa bisa awon da aka yi wa kowane gilashi a ɗakin gwaji. Adobe ta saka irin wannan a Lightroom a 2010. Amma babban sauyin ya zo ne daga maƙeran kansu. Lokacin da Olympus da Panasonic suka ƙaddamar da tsarin Micro Four Thirds a 2008, sun yanke shawarar barin lanƙwasa mai yawa a cikin gilasansu da gangan, su rubuta lissafin gyaranta a cikin gilashin, kyamara ta karanta ta miƙe hoton tun kafin mai shi ya gan shi a allo. Da haka gilashi ya ƙanƙance, ya yi sauƙi, ya yi araha, sauran aibobin da ba a iya gyarawa da lissafi kuma aka fi mai da hankali a kansu. Yau kusan duk maƙeran sun bi wannan hanya. Gilashin Canon RF mai milimita 16 da ya fito a 2021 misali ne bayyananne: idan aka buɗe ɗanyen fayil ɗinsa, wato abin da sensa ta ɗauka kafin a sarrafa shi, ba tare da gyara ba, hoton a kumbure yake ƙwarai, kusurwoyinsa huɗu baƙi ƙirin, domin hasken gilashin bai ma rufe sensa duka ba. Kyamarar ba ta yarda a kashe gyaran. A nan lissafin wani sashe ne na gilashin, kamar yadda rabin baya yake a gilashin Dallmeyer. Wanda ya ce a kawo masa hoton wannan gilashi ba gyara, yana neman abin da maƙerin bai taɓa nufin kowa ya gani ba.

Waya kuwa ta wuce nan. Ƙaramin gilashi mai faɗin gani da ke bayan wayoyin yanzu da gyara yake aiki, kuma mafi yawan masu amfani da shi ba su taɓa ganin hotonsa na asali ba.

Me ƙa'idojin gasa suka ce? Sun kasu. Ƙungiyar masu hoto ta Amurka, PSA, wadda aka kafa a 1934 kuma take sa ido a kan nune-nunen hotuna masu yawa a faɗin duniya, ta fito fili a rukunanta uku da ake neman gaskiyar abin da ya faru, wato halittu, tafiye-tafiye da aikin jarida. Ta halatta cire ko gyara duk abin da kyamara ko gilashi ya ƙara wa hoto, ta kuma ambaci ƙurar sensa, tsakuwar haske, zubar launi a gefen abubuwa da lanƙwasar gilashi da sunayensu. Gasar Wildlife Photographer of the Year, wadda gidan tarihin halittu na Landan ke gudanarwa, ta ɗora hukuncinta a kan manufa: gyara ya halatta muddin bai yaudari mai kallo ba, bai kuma sauya gaskiyar halitta ba, sannan tana neman fayil na asali daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe. World Press Photo, wadda ta fara a 1955, ta fi kowa tsanani. Ta haramta ƙara mutum ko abu a cikin hoto, ko sauya masa wuri, ko juya shi, ko jirkita siffarsa, ko cire shi. Ta keɓe datse gefe da goge ƙurar sensa ko ƙarzunan nagetif.

Haramcin jirkita siffa shi ne ke sa gaban masu hoto faɗuwa, kuma tsoronsu yana da tushe. A 2013 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan hoton Paul Hansen ɗan Suwidin, wanda ya ci kyautar hoton shekara ta World Press Photo da hoton gawarwakin yara biyu da ake ɗauke da su a wani lungu a Gaza. Wasu suka yi zargin haɗa hotuna aka yi. Masu gasar suka kira masana suka gwada ɗanyen fayil da hoton da ya ci, suka tabbatar an haskaka wasu wurare an duhunta wasu, amma kowane ɗigo yana nan inda yake. Wannan ne ya wanke shi. Daga nan hanyar bincike ta zauna: a ɗora hoton gasa a kan fayil na asali a ga abin da ya motsa. A 2015 an cire kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe saboda wannan bincike. Mai hoton da ya san haka, ya kuma san cewa danna akwatin gyaran gilashi zai sa babu ɗigon gefe ko ɗaya da zai hau kan ɗan'uwansa, dole ya yi jim.

Sai dai ita wannan hanyar bincike tana ɗauke da wani zato da bai tsaya da ƙafafunsa ba, wato cewa ɗanyen fayil hoto ne guda tabbatacce da kowa zai gani iri ɗaya. Ba haka yake ba. Ɗanyen fayil tarin lambobi ne. A yawancin kyamarori kowane gurbi na sensa launi ɗaya tak yake ji, ja ko kore ko shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu haƙƙin mallakarsa a 1976. Sauran launuka biyun manhaja ce ke ƙiyasta su daga maƙwabta. Ke nan tun kafin a zo batun gilashi, kashi biyu cikin uku na launin kowane hoto lissafi ne. Sannan manhajojin ba sa buɗe fayil iri ɗaya. Na tsawon shekaru, idan gilashi ya zo da lissafin gyaransa a ciki, Lightroom aiwatar da shi take yi kai tsaye ba tare da ba mutum hanyar kashewa ba, alhali wasu manhajojin suna nuna hoton a kumburensa. Alƙalai biyu za su iya buɗe fayil ɗaya su ga bango ɗaya, wannan a miƙe, wancan a gantsare. Wanne ne na asali?

Kamfanin Reuters ya bi wata hanya dabam wadda ta ƙara haska wannan batu. A watan Nuwamba na 2015 ya umarci masu aiko masa hoto daga waje da su daina aiko hotunan da aka sarrafa daga ɗanyen fayil, su riƙa aiko JPEG da kyamara ta fitar da kanta, saboda sauri da kuma rage yawan taɓa hoto. Wannan JPEG kuwa, a kyamarorin zamani masu yawa, shi ne wanda aka riga aka miƙe wa lanƙwasa. Wato hoton da ɗaya daga cikin manyan gidajen labarai na duniya ya ɗauka a matsayin mafi kusa da gaskiya, gyararre ne. Babu ma'ana a ce lissafi ɗaya halas ne idan ya gudana a cikin kyamara, haram ne idan ya gudana a kan tebur bayan awa biyu.

Mai awon hatsi da ya san sikelinsa yana ƙara rabin kilo a kowane buhu, ya riƙa cire rabin kilon nan ga kowa da kowa, bai cuci kowa ba. Wanda ya cuci mutane shi ne mai cire wa wannan ya bar wa wancan gwargwadon yadda ya ga dama. Ma'aunin da nake ganin ya dace da hoto ke nan. Gyaran gilashi na gaskiya lissafi ne guda, wanda aka auna tun kafin a ɗauki hoton, ba ya sanin abin da ke cikin hoton, yana yi wa sarki da bango da akuya abu ɗaya. Kowa ya ɗauki fayil ɗin ya sa masa wannan lissafi zai sami sakamako iri ɗaya, saboda haka alƙali zai iya maimaita shi ya tabbatar. Duk gyaran da ya cika waɗannan sharuɗɗa bai taɓa abin da ya faru a gaban kyamara ba.

Ba na kafa hujja da cewa gyararren hoto ya fi kama da abin da ido ya gani, ko da yake ƙa'idoji da yawa suna son wannan magana. Ba kullum take gaskiya ba. Gilashi mai faɗin gani da ke miƙe layuka yana yin haka ne ta hanyar ja wa abubuwan gefe jiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarshen layi a hoton taron biki ya san yadda kansa ke fitowa a baje. Miƙe kumburin ganga yana ƙara wannan bajewa ne. Bango ya samu, fuska ta rasa. Babu hanyar shimfiɗa duniya a kan takarda da za ta kiyaye layi da siffa gaba ɗaya, kamar yadda masu taswira suka daɗe da sani. Abin da za a iya nema daga mai hoto shi ne ya bi hanya guda sananniya, ya kuma faɗi wadda ya bi.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne abu na biyu da ake cusawa ƙarƙashin wannan suna, wato miƙe karkatar gini. Mutum ya tsaya a gindin dogon bene ya ɗaga kyamara sama, sai bangaye biyu su fito suna matsowa juna kamar ginin zai faɗi baya. Mutane da yawa suna ɗora wa gilashi laifin wannan, alhali ba aibin gilashi ba ne ko kaɗan. Sakamakon inda mai hoto ya tsaya ne da yadda ya karkata kyamara; gilashi mafi tsada a duniya haka zai nuna. Saboda haka gyara shi ba cire abin da na'ura ta ƙara ba ne. Sauya wani zaɓi ne da mutum ya yi a lokacin ɗauka.

Masu kare wannan gyara suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Tsofaffin manyan kyamarori masu jakar fata suna ba da damar ɗaga gilashi sama ba tare da karkata fim ba, da haka masu hoton gine-gine suke samun bango a tsaye tun ƙarni na 19. Nikon ta kawo wannan dabara ga ƙananan kyamarori a farkon shekarun 1960, Canon ta biyo baya a 1973. A ɗakin wankin hoto ma akan karkata allon takarda a ƙarƙashin na'urar haskawa don a miƙe bango. PSA ta halatta shi. A gasar hoton gine-gine ko ta fasaha ban ga abin ƙi a ciki ba.

Amma wannan gyara ya rasa sifar da ta wanke na farko: ba aunanne ba ne. Babu wani lissafi da ke jiran mutum. Shi ne zai ja har sai idonsa ya gamsu, ko ya bar wa manhaja ta yi zato. Kayan aikin da Adobe ta saka a Lightroom a 2013 don miƙe gini kai tsaye yana neman dogayen layuka ne a cikin hoto ya mayar da su tsaye, bisa zaton cewa magini a tsaye ya gina su. Wannan zato ya dace da benen ƙarfe da gilashi. Bai dace da ginin ƙasa ba. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin kusan mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, da faɗi ta tashi daga ƙasa tana tsukewa har ƙololuwa, domin haka ne kawai laka za ta iya ɗaukar nauyin kanta zuwa wannan tsayi. Katangar gidan ƙasa a Kano ko Zariya ko Damagaram gindinta ya fi samanta kauri. Wanda ya ja layi a gefunan irin wannan gini ya ce wa kwamfuta ta daidaita su, ya rushe ilimin maginin, ya ba duniya ginin da babu shi. Garin neman gira an rasa ido. Hotunan da ake tarawa a gasanni irin su Wiki Loves Africa da Wiki Loves Monuments suna zama abin dogaro a Wikipedia shekara da shekaru, ɗalibin da bai taɓa zuwa wurin ba da su zai san siffar ginin. A irin wannan hoto karkatar da aka bari ta fi miƙewar da aka ƙirƙira amfani, domin mai kallo ya san karkata idan ya gan ta, miƙewar ƙarya kuwa ba ta da alama.

Ban da haka, miƙe karkata yana sauya gwargwadon tsayi da faɗi. Gini yakan ƙara tsawo ko ya gajarce, mutanen da ke gindinsa su rame ko su kumbura. A hoton labari wannan ya shiga cikin jirkita siffa kai tsaye, kuma ina ganin gasar aikin jarida tana da gaskiya idan ta ƙi shi, in ban da ɗan juya hoto don daidaita shi da ƙasa. Mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza biyu kusa da juna a bangonta na Fabrairu 1982 don hoton kwance ya shiga shafi na tsaye. An kare aikin a lokacin da cewa tamkar mai hoton ne ya ɗan gusa gefe kafin ya ɗauka. Har yau ana ambaton wannan bango a azuzuwan aikin jarida a matsayin abin da bai kamata a yi ba, dalili kuwa shi ne mai hoton bai gusa ba.

Akwai wani rami kuma da mai gaskiya ma yake iya faɗawa. Duk lokacin da aka miƙe hoto, gefunansa ba sa zama a miƙe. Wasu wurare sukan rage fanko. Hanya mai tsabta ita ce a datse hoton har fankon ya fita, a haƙura da abin da aka rasa. Amma manhajojin yanzu suna tayin cike gurbin da kansu, su ƙago sama ko ƙasa ko ciyawa daga abin da ke kusa, ko su sa ƙirƙirarriyar basira ta zana. Wannan ƙari ne, ko da ɗan yatsa ne faɗinsa, kuma laifinsa ɗaya da na ledar Fisch. World Press Photo ta haramta irin wannan cikewa ƙarara. Abu na uku da ake cusawa ƙarƙashin sunan gyaran gilashi kuwa, wato kama wani sashe na hoto a ja shi shi kaɗai, a rage hanci, a ƙara tsayin dutse, a lanƙwasa wuyan tsuntsu, ba ya buƙatar dogon bayani. Wannan ya san abin da ke cikin hoton, yana kuma zaɓar wanda zai taɓa. Abin lura kawai shi ne wayoyi sun fara yin sa da kansu. A 2019 masu bincike na Google suka wallafa hanyar da ke gano fuskoki a gefen hoto mai faɗi ta gyara su dabam da bangon da ke bayansu. Hoton yana fitowa da kyau, amma ba lissafi ɗaya ne ya ratsa shi ba, kuma gasar da ke karɓar hoton waya dole ta faɗi matsayinta a kan wannan.

Yana da kyau kuma a tuna iyakar abin da binciken ɗige-ɗige zai iya kamawa. A watan Afrilu na 2020, lokacin kullen korona, masu hoto biyu na kamfanin Ritzau Scanpix a Kopenhagen, Philip Davali da Ólafur Steinar Gestsson, suka ɗauki wurare iri ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya da gilashi mai jawo nesa, ɗaya da mai faɗin gani. A hoton farko mutane sun cunkushe kamar ba su ji gargaɗin likitoci ba. A na biyu ga tazara nan tsakaninsu. Babu ɗigon da aka taɓa a ko ɗaya. Giovanni Troilo ya rasa kyautarsa ta World Press Photo a 2015 ne saboda an gano ɗaya daga hotunan da ya ce na garin Charleroi ne a Brussels aka ɗauke shi. Marcio Cabral ya rasa tasa ta Wildlife Photographer of the Year a 2018 bayan masana sun gamsu cewa dabbar da ke hotonsa gawa ce da aka cusa wa kaya aka ajiye a ƙofar wani gandun daji a Barazil, zargin da ya musanta. Manyan ƙaryoyin hoto a gaban gilashi ake yin su, ko a cikin rubutun da ke ƙarƙashinsa. Gasar da ta ɓata ƙarfinta wajen tuhumar wanda ya miƙe bakin ƙofa ta sa ido a wurin da ba nan ɓarawon yake shigowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan batu shi ne wanda haramcin zai faɗa wa. Gilashin da aka gyara lanƙwasarsa da ƙarin gilasai a ciki yana da tsada, irin wanda manyan gidajen jarida ke saya wa ma'aikatansu. Gilashin da ke dogara da lissafi shi ne wanda ke zuwa tare da kyamara mai sauƙin kuɗi, shi ne na hannu da matashi ke saya bayan ya tara kuɗin ɗaukar biki. Idan aka hana gyara, an ce ke nan mai kuɗi ya shigo da miƙaƙƙen bango, talaka ya shigo da kumburarre, sannan a auna su a kan kyan hoto. Akintunde Akinleye ya ci kyautar farko a World Press Photo a 2007 da hoton fashewar bututun mai a Legas, kuma tun 2022 gasar ta koma tsarin yankuna inda Afirka ke da nata gurbin. Ƙofa ta buɗe fiye da da. Bai kamata jimla ɗaya mai harshen damo a cikin ƙa'ida ta sa mutum ya janye hotonsa don tsoro, ko a cire shi a zagayen ƙarshe a kan abin da kyamararsa ta yi ba da saninsa ba.

Don haka kirana ga duk mai shirya gasar hoto, babba ko ƙarama, shi ne ya raba waɗannan abubuwa a rubuce: gyaran gilashi bisa aunannen lissafi ya halatta a kowane rukuni, miƙe karkata ya halatta a inda aka ambata, ya haramta a hoton labari da na adana tarihi, cike gurbi da jan sashe haramun ne. A ba alƙalan bincike umarni su sa wa fayil na asali lissafin gilashin kafin su gwada shi da hoton gasa. Kai kuma mai hoto, ka ajiye ɗanyen fayil ɗinka da hotunan da ka ɗauka kafin wannan da bayansa, ka rubuta sunan gilashi da gyaran da ka yi a cikin bayanin hoton, ka datse gefe maimakon ka cike shi. Idan ƙa'idar gasar ba ta fito fili ba, ka rubuta wa masu ita tambaya tun kafin ranar rufewa, ka kuma adana amsar da suka ba ka.